Idan Babba Ya Kwanta, Wa Ke Biya?

Jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawar matasa a Hamdara, gundumar Mirriya, jihar Damagaram

   

Maganar da aka ce in yi yau magana ce da kowa a nan ya san ta a gidansu, amma ba a cika kawo ta dandali ba, saboda akwai kunya a cikinta. Maganar kuɗin jinyar babba ce. Idan tsoho ko tsohuwa, ko wani baligi da lalura ta same shi, ya kai ga ba ya iya tashi da kansa, ba ya iya wanka, ba ya iya kai loma baki, wa ke ɗaukar nauyinsa, kuma da wane kuɗi? Mukan ce ai mu ba Turawa ba ne, mu ba mu kai iyayenmu gidan gajiyayyu, mu a gida muke riƙe namu. Gaskiya ne, kuma abin godiya ne. Amma riƙon nan yana da tsada, kuma akwai mai biya. Abin da nake so mu fita da shi daga nan shi ne: mu gane mai biyan, mu yi lissafin abin da yake biya, mu raba nauyin da adalci, sannan mu nemi abin da doka ta riga ta ba mu.

Bari mu fara da bambanta ciwo da jinya. Zazzaɓin cizon sauro ciwo ne, ka je asibiti, a ba ka magani, bayan kwana uku ka koma gona. Abin da nake nufi da jinya shi ne wanda hawan jini ya kayar, ɓarin jikinsa ya shanye, zai yi shekara biyu ko biyar a kan tabarma. Ko mai ciwon suga da aka yanke wa ƙafa. Ko tsohuwar da yanar ido ta rufe mata gani. Ko wanda gigin tsufa ya kama, ya manta sunan 'ya'yansa, yana fita da dare ba a san inda ya nufa ba, har wani lokaci a ɗora wa baiwar Allah sharrin maita alhali ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ko matashin da ya faɗi a babur, lakarsa ta taɓu. Waɗannan ba sa warkewa da allura ɗaya. Suna buƙatar hannun mutum kullum, safe da dare.

Irin wannan jinya tana cin kuɗi ta ƙofa huɗu. Ta farko magani, wanda ba ya yankewa: mai hawan jini sai ya sha kowace rana har ƙarshen rayuwa, kuma ranar da aka daina saye saboda babu, ranar ce ake fara tara wata faɗuwar. Ta biyu hanya. Daga ƙauye a zo asibitin CSI, daga nan a tura Mirriya, daga Mirriya a wuce babban asibitin ƙasa na Zinder, idan abin ya fi ƙarfinsu a ce sai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Kuma majinyaci ba ya tafiya shi kaɗai, dole da mai rakiya, shi ma sai ya ci, sai ya kwana. Ta uku kayan yau da kullum: sabulu, ruwa, itace, ledar shimfiɗa, kunu mai kyau, ɗan nama ko madara. Wanda ya san wahalar ruwa a ƙasar Damagaram ya san abin da wankin zanin majinyaci sau uku a rana yake nufi. Ta huɗu, wadda ta fi duka tsada kuma ba a taɓa rubuta ta, ita ce lokacin mai jinya.

Mu tsaya a kan wannan ta huɗun. Tun farkon 2024, albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda a biya ma'aikaci a Nijar jika 42 ne a wata, bayan an ɗaga shi daga jika 30 da 'yan kai. To, mu ɗauka matar da ke kwana da surukarta, tana juya ta, tana kwashe mata bayan gida, tana ba ta abinci a baki, za a biya ta wannan mafi ƙanƙantar albashin. A shekara jika 504 ke nan, sama da rabin miliyan. A shekara uku ya haura miliyan ɗaya da rabi. Kuma ma'aikaci yana tashi daga aiki da yamma, yana da ranar hutu. Ita ba ta da ko ɗaya.

Wace ce wannan mata? Kowa ya duba gidansu. Ko matar ƙanen nan ne da ya zauna a ƙauye bai tafi ko'ina ba. Ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, aka ce to tunda kina nan. Ko jika 'yar shekara goma sha biyu da aka cire daga makaranta, aka ce ta je ta zauna da kaka. Ta bar ƙuli-ƙulinta, ta bar kasuwar da take ci, ta bar karatunta. Ran da Allah Ya yi wa majinyacin cikawa, sai a zauna zaman makoki a riƙa yabon wanda ya aiko da kuɗi daga Yamai, ita kuma tana bayan gida tana wanke kwanukan baƙi. Ran rabon gado kuma ba wanda zai ce a fara cire mata ladan wahalarta. Iyayena mata, na faɗi ƙarya?

Mai biya na biyu shi ne ku, matasan birni, da masu cin rani. Kai da ke kabu-kabu a Zinder, ke da ke ɗinki a Sabon Gari, da wanda ke tura ruwa a Kano ko dako a Agadas. Waya ta yi ƙara, an ce Baba ya tashi ba daɗi, sai ka nufi Nita ko Amana ka aika abin da ka tara na aure ko na jari. Waɗanda ke nema a Najeriya kuwa sun ga abin da ya faru tun tsakiyar 2023: darajar naira ta faɗi, iyaka ta rufe wata da watanni, abin da mutum ke aikowa ya sayi buhu ya koma ba ya cika rabi. Idan wannan ya gaza, sai a koma kan mai biya na uku, wato dukiyar gida. A sayar da akuya, a sayar da sa na huɗa, a ba da gona jingina. Jinyar mutum ɗaya sai ta cinye abincin gida na shekara mai zuwa.

Me ya sa abu mai nauyi haka ba ya cikin maganganun manya? Dalili na farko yawan yara ne. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su kai uku cikin ɗari ba. Saboda haka idon gwamnati da na ƙungiyoyin agaji yana kan yara da masu juna biyu, kuma ba laifi ba ne. Tsarin magani kyauta da aka fara a 2005 da 2006 ya shafi tiyatar haihuwa, awon ciki, tsarin iyali da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, daga baya aka ƙara sankarar mama da ta mahaifa. Tsoho ba ya cikin wannan jerin. Dalili na biyu shi ne fansho a ƙasar nan na mai albashi ne. Ma'aikacin gwamnati yana da CARENI, ma'aikacin kamfani da aka yi wa rajista yana da CNSS. Ku ɗaga hannu, a cikinku wa mahaifinsa ke karɓar ɗaya daga cikin biyun? Kun gani. Manomi, makiyayi, maƙeri, mai sayar da fura, su fanshonsu 'ya'yansu ne.

A da wannan tsari yana tafiya, don akwai gandu. Uba da 'ya'yansa da jikokinsa suna noma gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, hannuwa da yawa a gida ɗaya. Idan tsoho ya kwanta, wannan ta kama yau, waccan ta kama gobe. Yanzu gona ta rarrabu har ta zama kamar tabarma, samari sun watse neman abinci, gidan da ke da mata biyar ya koma mace ɗaya. A garuruwan Hausa, tun zamanin sarakuna, wanda ba shi da kowa yana da inda zai jingina: akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare, akwai sadakar Juma'a a ƙofar fada da ƙofar attajirai. Amma mu faɗi gaskiya, wannan tsarin bara ne, kuma mun ga inda yake kai mutane. Unguwar Kara-Kara ta Zinder wurin da aka ware kutare da gajiyayyu ne a bayan gari, kuma jikokinsu har yau suna ɗauke da tabon wannan wariya, kamar yadda Aisha Maki ta nuna a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. Mun kuma tuna Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga ƙasar Kance, nan cikin jiharmu. Gidan da ba shi da madogara, ƙoƙon bara yake komawa, kuma wani lokaci rai ake biya.

To, yanzu mu zo kan abin da ke akwai. Ba shi da yawa, amma ko shi ɗin da yawanmu ba ma nema, saboda ba mu san da shi ba. Ku fiddo waya ko takarda ku rubuta.

Na ɗaya, ragin kuɗin asibiti. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta yanke cewa daga 1 ga Satumba za a rage rabin kuɗin ayyuka a asibitocin gwamnati: ganin likita, kwanciya, awon jini, hoto, tiyata. An kuma cire jika 150 da ake biya kafin a fara yi wa mai ciwon ƙoda wankin jini. Wannan haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Idan ka kai majinyaci, ka nemi ganin takardar farashi, ka karɓi rasiɗi a kan duk abin da ka biya. Sai dai ka sani, ragin na aikin asibiti ne. Maganin da aka rubuta maka ka je ka saya a kanti, wannan yana nan a wuyanka.

Na biyu, haƙƙin naƙasassu. Tun 1996 akwai dokar da ta yafe musu kuɗin kwanciya a manyan asibitocin ƙasa, kuma na Zinder yana cikinsu. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, ta kuma yi sabuwar doka a kansu a Disamban 2019. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, naƙasa ba sai wadda aka haifi mutum da ita ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana da shekara sittin, ko wadda ta makance da tsufa, su ma lalurarsu naƙasa ce. Akwai tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, akwai ƙungiyar makafi, kuma su suka fi kowa sanin ƙofar da ake bi da takardar da ake nema. Ku je ku gaishe su, ku tambaya.

Na uku, takardar shaidar rashin ƙarfi. Ma'aikatar magajin gari ce ke ba da ita ga wanda aka tabbatar ba shi da halin biya, kuma a manyan asibitoci akwai ofishin jin ƙai da ke duba irin waɗannan mutane. Matsalar ita ce sai mutum yana kan gado, an miƙo takardar kuɗi, sannan dangi ke fara guje-guje. Tsohuwar da kuka san ba ta da ɗa ba ta da jika, a nema mata tun tana kan ƙafarta.

Na huɗu, tallafin kuɗi na gidaje marasa ƙarfi. Tun 2011 aka fara shi da taimakon Bankin Duniya, jihar Damagaram tana cikin na farko. Da farko jika 10 ne a wata har wata 24, daga baya a shirin Wadata Talaka ya koma jika 15, kuma hannun uwar gida ake ba. Shi wannan ba don tsufa ake ba da shi ba, talaucin gida ake dubawa, kuma ba kowane ƙauye yake kaiwa ba. Amma ga inda aikinku yake: ran da masu rajista suka zo, gidan da aka fi mantawa shi ne na tsohon da ba ya iya fitowa dandali ya yi layi. Haka ma idan OPVN ta kawo hatsi mai rahusa lokacin bazara da farkon damina, mai ƙarfin turereniya ne ke samu. Wani ya tsaya a madadin wanda ba ya iya tsayuwa.

Na biyar, ga 'yan kaɗan da mahaifinsu ya yi aikin albashi: idan ya rasu, fanshonsa ba ya mutuwa tare da shi gaba ɗaya. Matarsa da marayunsa suna da kaso. Amma sai da takardar aure, takardar mutuwa, takardar haihuwa. Wannan ya kawo ni kan abin da ya haɗa duka biyar ɗin: takarda. Yawancin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, ba su da katin ɗan ƙasa. Wanda ba shi da takarda, a idon ofis babu shi. Ana iya zuwa kotu da shaidu a yi masa wadda za ta tsaya a madadin ta haihuwa. Wannan aikin mai ilimin boko ne na gidan, kuma ya fi aiko da jika biyar amfani.

Na shida, zakka. A ƙasar noma irin tamu, hatsin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, ɗaya cikin goma ake fitarwa. Ku duba yawan damman da ke fita a Hamdara kowace kaka. Ina suke zuwa? Sau da yawa wurin wanda aka saba ba, ko wanda ake jin kunyarsa. Ga malamai nan zaune, su gyara mini: mutum ba ya ba iyayensa zakkarsa, domin ciyar da su wajibi ne a kansa idan ba su da shi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya nauyin yana kan 'ya'ya gwargwadon ƙarfin kowa. A kan 'ya'yan da aka haifa yake. Matar ɗa idan ta yi, kyautatawa ce ta yi, a gode mata, a saka mata. Zakka kuwa ta nufi tsohon da ba shi da mai ciyar da shi. 'Yan uwanmu na Kano da Sakkwato da Zamfara sun kafa hukumomin zakka da wakafi don a tara a raba bisa tsari. Mu ko a matakin masallacin unguwa za mu iya farawa da littafi ɗaya da amintattu uku.

Na san wani zai ce, ai ƙasarmu matalauciya ce, ina za a samu kuɗin tsofaffi? Mu leƙa maƙwabta. Jigawa, wadda muke iyaka da ita, ta fara biyan wasu naƙasassu naira 7,000 kowane wata a 2007, zamanin Sule Lamido. Lesoto, ƙaramar ƙasa a kudancin Afirka, ta fara ba waɗanda suka kai shekara 70 fansho a 2004, ko da ba su taɓa aikin albashi ba. Zanzibar ta bi sahu a 2016. Senigal ta ce magani kyauta ga wanda ya kai 60 tun 2006. Can Japan kuwa, tun 2000, duk wanda ya kai shekara 40 yana zuba wani abu a asusun jinyar tsufa, tun yana da ƙarfinsa. Kuma ku lura, ƙarancin tsofaffinmu da ya sa aka manta da su, shi ne kuma ya sa ɗaukar nauyinsu bai fi ƙarfin ƙasa ba.

Amma akwai darasi a labarin Senigal. An yi shelar kyauta, asibitoci suka yi aiki, gwamnati ta yi jinkirin biyan su, bashi ya taru, har wasu suka fara ja da baya. Mu ma mun ga irinsa a nan da maganin yara kyauta: shekara da shekaru asibitoci suna bin gwamnati bashi, kantin maganin asibiti ya bushe, uwa ta zo a ce kyauta ne amma babu. Saboda haka idan za mu yi kira, kada mu tsaya kan a ce kyauta. Mu tambaya: daga wane aljihu, nawa, wa zai biya asibiti, a wane wata? Shelar da ba kuɗi a bayanta ta fi rashin shela ciwo, domin tana sa mutum ya taso daga ƙauye hannu rabbana.

To me za mu yi, mu da ke nan? Ina da shawara huɗu, kuma babu wadda ke jiran izinin Yamai.

Ta farko a cikin gida take. A yi zaman 'yan uwa tun babba yana da lafiya, ko da ta WhatsApp ne. Na san da nauyi, za a ce kana yi wa Baba fatan ciwo. Ba fata ba ne, ai wanda ya gyara rufin ɗaki da rani ba shi ya kira ruwa ba. A rubuta abin da ake kashewa a wata. A rubuta wa zai kawo nawa, gwargwadon samunsa, maza da mata. Sannan a sa sunan mai jinya a cikin lissafin, a yanka mata wani abu na hannunta kowane wata, a ba ta ranar da za ta huta wani ya karɓe ta. Kuma maza, jinyar uba ba abin kunya ba ne ga ɗa namiji. Tsoho ya fi sakewa ɗansa ya yi masa wanka a kan matar ɗansa. Abu ɗaya kuma da nake roƙo da babbar murya: kada a cire yarinya daga makaranta don jinya. Wanda ya yi haka ya biya bashin jiya da dukiyar gobe.

Ta biyu asusu. Ba sai mun je nesa koyo ba. Tsarin Mata Masu Dubara a Maraɗi aka fara shi a 1991, yau ƙasashen Afirka da dama sun kwaikwaya, kuma a irin waɗannan ƙungiyoyi, gefen asusun rance akwai ɗan asusun taimako na ranar wuya. Iyayenmu mata sun riga mu. Ku kuma samari, kowace fada tana da kuɗin shayi da na sukari. A ce mutum 30 ne, kowa ya zuba dala ɗari, wato sefa 500, a mako. Jika 15 ke nan a mako, jika 780 a shekara. Wannan zai sayi maganin hawan jini na tsofaffi da dama, zai biya motar kai majinyaci Zinder ba tare da an kama akuyar kowa ba. Sharaɗi dai a rubuta doka tun farko: wa ya cancanta, nawa ne iyaka, wa ke riƙe kuɗi, wa ke riƙe littafi, kuma kada su zama mutum ɗaya. A karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Abin da ke kashe asusu a wurinmu ba talauci ba ne, rashin bayani ne.

Ta uku ƙidaya. A yau idan aka tambayi mutum nawa ne ke kwance a gida a ƙaramar hukumar Hamdara ba sa iya tashi, sai dai kowa ya yi kintace. Ku da kuka iya rubutu, ku bi ƙauye-ƙauye tare da masu gari da limamai da ma'aikatan lafiya, cikin ladabi da rufin asiri, ba hoto, ba sa kowa a Facebook. A rubuta: mutum nawa, wace lalura, wa ke kula da shi, yana da takarda ko babu. Mai zuwa ofis da kuka, a ba shi haƙuri. Mai zuwa da adadi, dole a ba shi amsa.

Ta huɗu, da wannan adadin za mu je ma'aikatar magajin gari. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da su, amma kasafin kuɗi yana nan, harajin kasuwa ana karɓa. Mu nemi a ware layi a kasafin don gajiyayyu, a faɗi nawa ne, a liƙa a bango. Mu nemi a bayyana sharuɗɗan samun takardar rashin ƙarfi yadda kowa zai sani. Mu shiga kwamitin kula da asibiti, COGES, mu kawo maganar ranar awon hawan jini da suga ga manya, ko sau ɗaya a wata ne, ranar kasuwa. A wasu gundumomin ƙasar nan an taɓa ƙara sefa 100 a kan kuɗin ganin likita, aka tara don biyan motar ɗaukar marasa lafiya zuwa babban asibiti. Dubara irin wannan daga ƙasa take fitowa. Kuma awon jinin da aka yi yau, da ƙwayar da aka fara sha a kan lokaci, sun fi shekara biyar a kan tabarma araha nesa ba kusa ba.

Daga can sama kuma, kiranmu ga hukumomin ƙasa a fili yake. Tsarin mulkin 2010 ya ambaci kula da tsofaffi da naƙasassu, an yi manufar kare jama'a a 2011, an yi dokarta a 2018. Rubutu ya wadatar. Yanzu da ake maganar sake gina ƙasa, muna so a sa tsofaffi a jerin masu samun sauƙin magani, da kuɗinsa a ajiye, a kuma fara nazarin ɗan fansho ga manomi da makiyayi da suka kai shekara 70. Sun ciyar da ƙasar nan shekara hamsin da hauya. Ba sadaka suke nema ba.

Magana ta ƙarshe gare ku, 'yan uwana matasa. Mu ne mafi yawa a ƙasar nan, kuma in Allah Ya ba mu rai, mu ne za mu zama tsofaffi mafi yawa da Nijar ta taɓa gani. Yawancinmu ba mu da albashi, ba mu da rajistar CNSS, gonar da za mu gada ba ta kai ta iyayenmu ba, 'ya'yanmu kuma za su fi mu watsuwa a duniya. Duk tsarin da muka gina wa iyayenmu yau, a cikinsa za mu kwanta. Don haka kafin mu watse, ina roƙon kowace fada da kowace ƙungiyar mata da ke nan ta ba da sunan mutum biyu da za su shiga aikin ƙidayar, a sa ranar zama na gaba tun yanzu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da mafificin alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.